Ɗakin Wankin Ciwo, Dadin Kowa

Ƙarfe bakwai nake buɗe taga,
in tafasa almakashi da hantsaki
kafin benci ya cika da ƙafafu.
Fuska takan zo daga baya,
ni da ƙwauri nake fara gaisawa.

Hammayo ne a gaba, manomin rani,
shekara biyu da gyambo a idon sawu.
Kututturen masara ne ya karce shi,
ɗan karce kamar na farcen kaza.
Ya koma da shi cikin ruwan shinkafa,
ya cusa toka, ya barbaɗa garin batir,
ya ɗaure da yagen tsohon rawani.
Yau bakin ciwon ya kai murfin gwangwani.
Sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga,
amma Hammayo, wa ya ce ka yi masa shimfiɗa?
Jijiyoyin sharaɓarsa sun murɗe kamar igiyar guga,
jini ya sauka, hawa ya gagara.
Na ce ya riƙa ɗora ƙafar bisa matashi.
Ya yi dariya: "To, wa zai ba tumatir ruwa?"

Barmani ta shigo da goyo.
Ƙasan hancin yaron, gefen bakinsa,
ɓamɓaroki ne launin zuma.
Kakarsa ta ce kambun baka ne.
Na ce sauro ya ciza, farce ya ƙarasa.
A yanke farcen, a jiƙa da ruwan ɗumi,
kada a ɓamɓare, ga man shafawa.
Wannan saman fata kawai ya saluɓe,
sati guda, ko tabo ba zai bari ba.
Ta kalle ni kamar na rage mata farashi.

Ladidi ba ta kuka.
Shekara sha tara, amosanin jini tun tana rarrafe,
tana sa safa ko a tsakiyar bazara.
Sau uku muna rufe nata,
sau uku yana buɗe ido.
Tana ɗinkin hula ina ɓare bandeji,
ba ta duba ƙasa, sai ta ce,
"Malam, yau ya yi ja?"
Ja shi ne albishir a ɗakin nan,
sabon nama kamar cikin kankana.
Rawaya da baƙi da wari
su ne baƙin da ba ma yi wa sannu da zuwa.
Na ce ya yi ja. Allurarta ta ci gaba.

Ciwon da ke sa ihu ba ya ba ni tsoro.
Baba Gidado ya yi kwana uku
da ƙusa a cikin takalmi, bai sani ba.
Suga ta riga ta kashe masa fitilar tafin ƙafa.
Ƙuda ne ya fara ganewa,
sannan hancin matarsa.
Na rubuta takarda, na ce Gombe, yau, ba gobe ba.
Ya ce sai ya sayar da albasa.
Wurin zamansa a benci,
kusa da randa,
har yanzu ba wanda ke son zama.

Shekara ashirin ba ɗaya ina wannan aiki.
Na koyi cewa miki baki ne,
amma ba zancen kansa yake yi ba:
wani zancen jini, wani zancen jijiya,
wani zancen tukunyar da ba ta ga nama ba tun Sallah.

Jiya da magariba ina alwala,
na kai hannu diddigen hagu,
na tarar da bororo ya fashe, ya jiƙa safa.
Ban san ranar da ya fito ba.
Bara likita ya faɗa mini sunan abin da ke jinina,
na ninke takardar, na sa ƙarƙashin katifa.
Na danna wurin da babban yatsa.
Na ƙara dannawa.
Shiru.

Yau na buɗe taga ƙarfe bakwai,
na tafasa almakashi.
Hammayo ya miƙo ƙafa,
na ce ya ɗan dakata,
na cire takalmina.